Mai Hura wa 'Ya'yan Ɓera Iska

Shekara ashirin da biyu muka yi aiki a gini ɗaya ni da Yadagiri, a wata cibiyar bincike da ke gefen Hyderabad. Shi yana ƙasa wajen ɓeraye, ni ina bene ina yanka. Aikina ke nan: a kawo mini huhun ɗan ɓera, in dasa shi cikin kaki, in yayyanka siriri-siriri, in ɗora a gilashi, in rina, sannan masu digiri su leƙa a madubin ƙara girma su rubuta takardu da sunayensu. Sunana Zaibunnisa, amma Apa, wato yaya, kowa yake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Sunana bai taɓa hawa takarda ba, na Yadagiri ma haka, kuma wannan bai taɓa hana ɗayanmu cin abinci ba.

Yadagiri ɗan makiyayi ne daga wani ƙauye bayan Jangaon. Fari na shekara biyu ya cinye tumakin ubansa, ya shigo birni da riga ɗaya, ya samu aikin wanke keji. Da aka ga hannunsa sai aka matsar da shi ciki. Mutumin nan zai ɗaga ɓera da wutsiya, ya dube ta sau ɗaya ya ce cikinta kwana goma sha biyu ne, a duba kati a tarar haka ɗin ne. Gajere ne, baƙi, mai gashin baki kamar tsintsiya, ga son zaƙi kamar yaro. Kullum da rana muna cin abinci tare a ƙarƙashin dogonyaron bayan gini, shi da gurasar dawa da yajin mangwaro, ni da abin da ya kwana a gidana. Ya ce girkina ba gishiri, in ce nasa barkono ne aka yi wa rakiya da gurasa. Haka muka tsufa.

Ɓerayen da ya fi daɗewa da su na Madam Kurup ne, shugabar sashenmu. Ga yadda na fahimci abin bayan shekaru ina jin ana maimaita shi a kaina. Duk umarnin gina jiki a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, amma a rufe yake, sai wasu sinadaran furotin sun zo sun buɗe wannan sun rufe wancan, kowanne a kan lokacinsa. Ɗaya daga cikinsu ƙirji aka ba shi. Wajen kwana tara da rabi a cikin uwa, 'yan tsiro biyu kan fito, sai shi wannan furotin ya tada waɗanda za su sa tsiron ya yi reshe, reshen ya yi reshe, har huhu ya cika ƙirji. Ɓerayen Madam an lalata musu ƙwayar da ke yin wannan furotin. Kowane ɓera biyu yake gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai lalatacciya ɗaya lafiyarsa lau, ɗauke da ita kawai yake. Amma in aka haɗa masu ɗauke biyu, to ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji lalatattu biyu. Za a haife shi da ƙafafu da wutsiya da komai, sai dai a ƙirjinsa jakunkuna biyu ne fanko. Zai yi ta buɗe baki yana neman iska, ya yi shuɗi, ya mutu cikin 'yan mintoci.

Waɗannan su ake nema. Kuma Yadagiri ne yake haɗa iyayen, ya ƙirga kwanaki, ya hau motar farko ranar haihuwa don ya tsince su kafin uwar ta cinye. Ya sa kowanne a kwalba, ya jera cikin ƙanƙara, ya miƙo a bakin ƙofa. Shekara goma sha huɗu yana wannan.

Akwai abin da yake yi wanda doka ta hana, kowa a ƙasa ya sani, ba wanda ya taɓa kai ƙara. A garken ubansa, in tunkiya ta haihu ɗan bai yi numfashi ba, sai a share masa hanci a hura masa iska da baki. To Yadagiri in ya tarar da ɗan ɓera da sauran motsi, sai ya ɗora shi a tafin hannu, ya janye ƙyallen da ya rufe bakinsa da hancinsa da shi, ya hura masa a hankali. Na taɓa ce masa, "Kai Yadagiri, ka san fa ba inda iskar za ta shiga. Ni nake yanka su, na ga cikin."

Ya ce, "Na sani, Apa. Bakin ne ba ya jin magana."

Sravanthi ita ce ɗalibar da aikin ya faɗo hannunta, 'yar wani malamin makaranta daga Khammam. Yarinya ce mai hankali, mai gaisuwa, ba irin waɗanda ke ajiye mini kwalabe su wuce kamar ni injin ce ba. Babai take ce wa Yadagiri, wato ƙanin uba, shi kuma ya ce mata bidda, 'yata. Sai dai jikinta bai jitu da gashin ɓera ba. Minti biyar a ɗakin, idanunta sun kumbura, atishawa ta ƙi tsayawa. Don haka a bakin ƙofa take tsayawa, ta ce, "Babai, nawa ne yau?" ya faɗa mata, ta karɓi akwatin ta hau bene. Tana shekara ta biyar lokacin, kuma ta biyar ita ce ta ƙarshe da aka yarje mata.

A shekarar ne aka yi wa matarsa Balamani aiki a ciki. Yadagiri ya yi bakance ga Ayyappa, abin bautarsu, cewa in ta tashi zai yi kwana arba'in da ɗaya ya hau dutsen Sabarimala. Ta tashi. A watan Nuwamba sai ga shi cikin baƙaƙen kaya, da abin wuya mai kama da carbi, ba takalmi. Sai ya zura ledar da ake sa wa takalmi a kan tsirarar ƙafa ya shiga ɗakin ɓeraye, tana ƙara cakas-cakas. Kowa ya koma ce masa Swami, yadda ake kiran mai irin wannan bakance, har Madam. Cin abinci tare ya tsaya, don mai bakance shi kaɗai yake ci. Na ce masa, "Ni dai Yadagiri na sani, kuma kwana arba'in da ɗaya zan huta da zagin girkina." Ya yi dariya ya haɗa hannu ya wuce.

Abin da ban sani ba lokacin shi ne ya je wurin mai kula da ɗakin dabbobi ya roƙi a canja masa aiki na waɗannan kwanakin. Dattijon da ya ɗaura masa abin wuya ya ce hannun mai bakance ba ya taɓa gawa, ba ya shirya wa wani rai mutuwa. Mai kula ya ce ba shi da wani mutum, kuma ɓera ba mutum ba ne.

Janairu ya dawo daga dutse, ya aske gemu, ya sa takalmi, muka koma ƙarƙashin dogonyaro. Ni dai na lura kwalaben Sravanthi sun daina zuwa, amma ban ɗauke shi komai ba, aiki ya yi mini sauƙi. Ita kuwa da farko hankalinta ya tashi. Haihuwa bayan haihuwa, duk 'ya'yan jajur, ciki cike da nono, ba ko ɗaya mai shuɗi. Ta gutsuri wutsiyoyinsu ta gwada, babu mai lalatattu biyu. To dama 'yan watanni kafin nan an gauraya ɓerayen da wani sabon jinsi, baƙaƙe. Sai ta ce ko a sabon jinsin masu lalatattu biyu ba sa ma kaiwa haihuwa, tun cikin yana ƙarami suke zubewa. In haka ne, furotin ɗin yana da wani aiki tun kafin huhu, aikin da ba wanda ya sani. Madam tana ƙasar waje lokacin, ta waya suke magana, ita ma ta ɗauka. Zuwa Yuni an ƙirga 'ya'ya sama da ɗari biyu. Aka sa Juma'ar farko ta Yuli Sravanthi za ta tsaya gaban manyan malamai ta gabatar, daga nan sai rubuta kundi.

Ranar Litinin ta satin ta sauko da kwalin laddu, alewar nan mai dunƙule, ta same mu muna cin abinci. Ta ba ni ɗaya, ta ba shi biyu.

Ta ce, "Babai, naka biyu ne. Sunanka zai shiga shafin godiya, da manyan baƙi. Apa, kar ki yi kishi, ke ma kina ciki."

Na ce, "A ƙasansa ko a samansa?"

Ta yi dariya ta ruga, ruwa ya fara yayyafi. Na cinye nawa. Da na waiga sai na ga Yadagiri ya ajiye nasa a kan saiwar bishiya, tururuwa har sun fara hawa. Mutumin da na taɓa gani ya lashe takardar alewa.

Na ce, "Ciwon suga aka ce kana da shi?"

Ya girgiza kai.

"To Balamani ce?"

"Lafiyarta lau."

"Yadagiri, ni ba 'yar yau ba ce. Faɗa mini ko in kira yarinyar nan in ce ka zubar mata da laddu."

Nan ya faɗa. Ranar da ya ɗaura abin wuya, ya shiga ɗakin ya cire mazan da ke ɗauke da lalatacciyar ƙwayar, ya sa 'yan'uwansu lafiyayyu a kejin matan. Duk baƙaƙe ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ɗan tsagar da ke kunne ke bambanta su, kuma shi kaɗai ke duba kunne. Katin keji bai taɓa ba. Da lafiyayyen uba, ba ɗan da zai gaji lalatattu biyu.

Na ce, "To bakancen ai tun Janairu ya ƙare."

Ya ce, "Na dawo da niyyar mayar da su, wallahi, Apa, in rantse miki da naki Ubangijin. Ranar da na dawo an haihu a keji uku. Na ɗaga ƙaiƙayin, na ƙirga ashirin da uku, duka suna tsotso. Na tsaya ina kallo. Na ce bari sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo na ce sai wani. Da na ji ta fara murna, sai na rasa ta inda zan fara."

Raina ya ɓaci, ɓacin da na daɗe ban yi ba. Na ce masa tausayin ɓera ya sa ya yanka 'yar mutane. Na ce yarinyar nan za ta tsaya gaban mutum shida ta faɗi ƙarya da zuciya ɗaya, in aka buga, wani a wata ƙasa zai gwada bai samu ba, sunanta ne zai lalace har ta mutu, ba nasa ba. Na ce masa makiyayin banza. Wannan ta ƙarshen har yau tana damuna. Ya rufe kwanonsa da rabin gurasa a ciki.

Na ce, "Alhamis da rana. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Amma in za a yi gaskiya, ba shi kaɗai ne mai laifi ba. Lissafin yana gaban Sravanthi da Madam tun farko. Da 'ya'yan zubewa suke yi a ciki, ai da yawan haihuwar ya ragu, kuma bai ragu ba. Masu lalatacciya ɗaya da marasa ko ɗaya kuma rabi da rabi suke fitowa, abin da ba ya faruwa in iyayen biyu duk masu ɗauke ne. Ɗan aji ɗaya zai iya gani. Sai dai wanda ya ƙwallafa rai a kan abu, shi yake gani a takarda. Ni ma kwana uku ina haɗuwa da ita a matakala, tana tambayata wane zanen sari za ta sa ranar Juma'a, ina ce mata kore.

Alhamis ƙarfe sha ɗaya ya hawo bene. A shekara ashirin ban taɓa ganinsa a bene ba sai in an kira shi. Ya cire takalmi a ƙofar ɗakinmu kamar mai shiga wurin ibada, ya tsaya gaban teburinta da keji ɗaya a hannu.

Ya ce, "Bidda, dubi kunnen wannan."

Ta ja baya, ta rufe hanci. "Babai, ka san ba a hawo da su nan."

"Dubi kunnen, sannan ki dubi katin."

Ta duba. Ta sake dubawa. Yarinya ce mai kai, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Ta ce, "Wannan kejin kaɗai?"

"Duka."

"Tun yaushe?"

"Nuwamba."

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna tana kallon allon kwamfutarta inda ta jera hotunan gobe. Can ta ce, "Laddu biyu na ba ka." Daga nan atishawa ta kama ta, ta yi ta yi, hawaye na zuba, ban san wanne na ɓera ne wanne nata ba.

Ita da kanta ta je ta faɗa wa Madam, wadda ta dawo satin. Aka soke taron Juma'a. Wata bakwai suka tafi a banza. Madam ta nema mata ƙarin wata shida, aka ce daga shi babu wani. Yadagiri kuwa ba a kore shi ba, don saura shekara biyu ya ajiye aiki, amma aka karɓe katin shigarsa ɗakin ɓeraye, aka mayar da shi inda ya fara, wankin keji. Sravanthi ta daina gaishe shi. In za ta wuce ɗakin wanki sai ta zaga ta bayan gini ko da ruwa ake yi. Ta ce daga yau ba hannun da zai taɓa ɓerayenta sai nata.

Ta sha magani, ta sa ƙyalle biyu a hanci, ta shiga. Zagayen farko ba ta gane waɗanda suka ɗauki ciki ba. Na biyu ta yi kuskuren kwana ɗaya, ta zo ta tarar iyayen sun riga sun cinye matattun. Wata biyu suka tafi cikin shidan. Ta rame, fatar idonta ta yi ja kamar an shafa barkono. Ni ce na kasa haƙuri. Na sauka ɗakin wanki na ce masa yarinyar nan za ta nutse. Ya goge hannu, ya ce in ce mata ta riƙa kawo kejin bakin tagar gilashin da ke tsakanin ɗakunan biyu, ba sai ta yi masa magana ba. Haka suka yi wata guda. Ta ɗaga ɓera da wutsiya, shi daga bayan gilashi ya nuna kwanaki da yatsu. Ko sannu ba ta shiga tsakaninsu ba.

Ranar da ya nuna mata za a haihu, wata Talata ce a Oktoba. Na zo da wuri don in karɓi kwalaben da zafinsu, na tsaya a bakin ƙofa. Yadagiri yana bayan gilashinsa da rigar roba, bai kunna famfo ba. Ta daɗe a ciki, ta fi minti arba'in. Da ta fito akwatin ƙanƙara na hannunta, kwalabe huɗu a ciki, abin da take nema kusan shekara guda. Ba ta miƙo mini ba. Ta wuce ni ta tura ƙofar ɗakin wanki.

Ta ce, "Uku na tarar sun riga sun mutu. Na huɗun a hannuna ya ƙarasa." Muryarta ta dishe. "Sau goma sha ɗaya ya buɗe baki."

Ya ce, "Wasu suna kai ashirin."

"Kai ma ƙirgawa kake yi?"

"Kullum."

Ta ce, "Ban yafe maka ba, Babai. Wata bakwai ɗina ka ci."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini haka abin yake ba?"

Ya ce, "Nawa ne yau kike tambayata, bidda. Ni kuma sai in faɗa miki nawa ne."

Ta juyo ta ba ni akwatin, ta tafi wanke fuska. Shi kuma ya kunna famfo ya jawo kejin farko.

Na hau bene na yi aikina. Yankan ya yi kyau ƙwarai, jakunkuna biyu fanko, ba reshe ko ɗaya, kuma hotunan su ne a tsakiyar kundinta. Ta gama saura kwana tara wa'adin ya cika. Sunan Yadagiri bai shiga shafin godiya ba, ban kuma ga laifinta ba. Ya ƙarasa shekarunsa biyu a wankin keji, ruwan zafi ya tsattsaga masa hannun nan da kowa ke yabo, sannan ya koma ƙauye. An ce ya sayi tumaki shida.

Ni har yanzu ina nan, kuma har yanzu ana kawo kwalabe, wani ɗalibin ne yanzu da wani mai kiwon. Abin da ya hana ni sakat shi ne ranar da na ce masa makiyayin banza, da ranar da na yi masa gorin cewa ni na ga cikin. Cikin na gani, a rine da shuɗi da ja, shekara ashirin da biyu. Matakala goma sha takwas ce tsakanin teburina da ɗakin, kuma ban taɓa sauka na ga ɗaya da ransa ba.